Itacen Tut da Itacen Tsamiya: Tarihin Siliki a Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 GABATARWA

Masu nazarin tarihin tattalin arzikin ƙasar Kano sun daɗe suna mai da hankali a kan abubuwa biyu, watau auduga da baba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin da su ne Kano ta yi suna tun daga Azbin har Tumbuktu. To, amma akwai wani zare wanda ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, shi ne siliki. Ko da yake bai kama ƙafar auduga wajen yawa ba, shi ne ke bambanta rigar da ake shiga fada da ita da wadda ake zuwa gona, shi ne kuma ke ɗaga kuɗin riga ninkin-ba-ninkin.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin silikin da masaƙa da maɗinkan kudancin Kano suka yi aiki da shi, musamman a ƙasar Rano da Kibiya, tun daga kan itacen da ya haife shi. Za mu ga cewa itatuwa iri biyu ne suka riƙe wannan sana'a. Na farko shi ne wanda Larabawa ke kira tut, Turawan Ingila kuma malbari, wanda daga ganyensa ne alharini ya samo asali a can ƙetaren Sahara. Na biyu su ne itatuwanmu na gida, tsamiya da doka, waɗanda suka ba mu zaren da ake kira tsamiya. Hujjar da muke son kafawa ita ce, ƙwarewar mata a kan kaɗi ita ce ta haɗa waɗannan zaruruwa biyu a masaƙa guda, kuma duk wani yunƙuri na farfaɗo da siliki a wannan yanki wanda bai yi la'akari da wannan tarihi ba, yana iya tashi a tutar babu.

2.0 ITACEN TUT DA 'YA'YANSA

Tut itace ne matsakaici mai faffaɗan ganye, wanda idan an karya reshensa yakan fid da farin ruwa kamar nono. Masana tsirrai sun sa shi a zuriya ɗaya da ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji, da kuma loko na ƙasashen kurmi. Hasali ma sunan kimiyya na ɓauren da muka sani, watau Ficus sycomorus, daga Girkanci aka samo shi, ma'anarsa kuwa ɓaure mai kama da tut, saboda kamannin ganyensu. Ke nan ko da Bahaushe bai san tut ba, ya daɗe yana shan inuwar danginsa.

'Ya'yan tut ƙanana ne, ba su cika wuce gaɓar yatsa ba, kowane ɗa kuma tarin ƙwayoyi ne da suka manne wuri guda. Akwai farare, akwai jajaye, akwai kuma baƙaƙe masu rina hannu da baki kamar yadda ɗinya ke yi. Suna da zaƙi, amma ba su jure ajiya, domin kwana ɗaya ko biyu bayan tsinka sai su fara ruɓewa. A ƙasashen Farisa da Afganistan da Turkiyya akan shanya su a ci a lokacin sanyi, ko a dafa ruwansu ya yi kauri kamar yadda muke yin maɗi. Ɗanyensu dai ba kayan ayari ba ne. Abin da ya ratsa Sahara ya iso mana shi ne abin da ganyen ya haifar.

Iri biyu ne suka fi shahara a tarihi, farin tut da baƙin tut. Baƙin ya fi daɗin 'ya'ya, farin kuwa shi ne abincin tsutsar siliki wadda mutanen Sin suka fara kiwo dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen shekara ta 552 aka sato ƙwan tsutsar aka kai wa Sarkin Rum Justiniyan a birnin Kustantiniyya. Daga baya Musulmi suka yaɗa noman tut da kiwon tsutsar zuwa Andalus da tsibirin Sikiliyya, sa'an nan sana'ar ta kafu a Italiya da kudancin Faransa, inda birnin Liyon ya zama cibiyar saƙar siliki. A ƙarni na 19 duwatsun Labanan ma sun cika da gonakin tut.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda ake samun zaren, domin a nan mabuɗin bayaninmu yake. Tsutsar takan yi kusan wata guda tana cin ganye, tana saɓa har sau huɗu, sa'an nan ta naɗe kanta cikin gida da zare ɗaya tilo wanda tsawonsa kan kai mita 1,000. Masu kiwo sukan kashe ta da zafi tun ba ta huda gidan ba, su jiƙa shi a ruwan zafi, su warware zaren ba tare da an kaɗa ba. Wannan shi ne siliki mai daraja ta ɗaya. Amma kullum akan sami saura: ɓawon waje na gidan, da gidajen da suka huje, da guntayen da suka tsinke. Wannan saura ba ya warwaruwa, sai dai a tsefe shi a kaɗa kamar auduga. Shi ne kuma ya shafi tarihin ƙasar Kano.

3.0 ƘASAR RANO DA KIBIYA

Rano tana cikin Hausa Bakwai. Bisa ga labarin Bayajida, Zamnakogi ɗan Bawo ne ya kafa sarautarta, har yau kuma ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. A rabon ayyukan da labarin ya zo da shi, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Ko da mun ɗauki wannan a matsayin hikaya, tana nuna mana abin da mutanen dā suka san ƙasar da shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci cewa Sarkin Kano Yaji (1349–1385) ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya kuma zauna a ƙasar Rano na ɗan lokaci. Tun daga wannan zamani Rano ta shiga inuwar Kano, amma ba ta rasa sarautarta ba. Bayan jihadi Sarkin Rano ya ci gaba da zama ɗaya daga manyan sarakunan ƙasar Kano, tare da na Gaya da Dutse da Karaye. A 2019 aka ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, aka soke wannan a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka sake kafa ta a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure.

Yanayin ƙasar yana da muhimmanci ga bayaninmu. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu, ta fi kewayen birni samun ruwan sama, auduga da baba kuma suna yi a cikinta. Tsamiya da ɗorawa da kaɗanya na tsaye a gonaki, domin manomi ba ya sare su idan yana sharar gona. Daga nan idan aka nausa kudu, wajen Tudun Wada da dajin Falgore har zuwa ƙasashen Zazzau da Bauchi, sai a shiga dajin doka. Watau Rano da Kibiya suna tsakanin daji mai tsutsar siliki da kasuwar Kurmi. A gefe guda kuma, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun addabi wannan yanki, abin da ya sa jama'a suka riƙa taruwa a garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, shiga daji kuma ya zama kasada.

Philip Shea, a kundin digirinsa na uku na 1975, ya nuna cewa galibin rinin da aka san Kano da shi a garuruwan karkara aka yi shi, musamman na kudu da birni irin su Kura, inda turkuɗi ɗan Kura ya samo suna. Ya kuma nuna cewa amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsi, shi ya ba marina damar barin tukwane su koma manyan rijiyoyin baba, abin da ya rage tsadar rini. An ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 marinan ƙasar Kano sun kai wajen 50,000. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 zamanin Sarki Usman, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Idan muka ga an rubuta Kano a irin waɗannan alkalumma, wajibi ne mu tuna cewa guminsu ya zuba ne a karofin ƙauye da ɗakunan matan karkara.

4.0 ALHARINI: SILIKIN DA YA RATSO SAHARA

Kalmar alharini daga Larabci aka aro ta, watau al-harir. Daga bakin fataken Hausa kuma ta wuce ƙasar Yarbawa, inda ake kiran jan saƙinsu na alfarma alaari. Wannan tafiya ta kalma ita kaɗai ta isa ta nuna mana hanyar da hajar ta bi.

Hugh Clapperton, wanda ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa jan siliki wanda ba a sarrafa ba a cikin kayan da ya gani, ya kuma ce ana yin ɗamara da hamila da shi, ana kuma saƙa shi layi-layi a cikin riguna mafiya kyau. Barth ya fi shi bayani. Ya ce silikin mai kaushi ne, kusan tarkace, a Tarabulus ake rina shi, kuma shi ne babbar hajar fataken Gadamas, har ya kai sulusin cinikinsu. A lissafinsa, kayan raƙumi 300 zuwa 400 ke shigowa Kano a shekara, kowanne a kan wuri 200,000, jimilla wajen wuri miliyan 70. Idan muka gwada wannan da miliyan 300 na tufafin da ake fitarwa, za mu ga cewa kuɗin alharini kaɗai ya kusa rubu'in wannan adadi.

Ayarin yakan taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat, ya ratsa Azbin da Damargu da Damagaram kafin ya sauka Kano. Larabawan da ke wannan fatauci suna da gidaje a unguwannin Alfindiki da Dandalin Turawa, domin kafin zuwan Nasara, Larabawa ake kira Turawa. Zamansu a Kano ya girmi jihadi, tun da Tarihin Kano ya ce harajin da Sarki Kumbari (1731–1743) ya ɗora wa kasuwar Kurmi ya sa Larabawa sun tashi sun koma Katsina.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, me ya sa tarkacen siliki ne ya sami karɓuwa haka? Araha tana ciki, babu shakka. Amma a ganinmu babban dalili shi ne, hajar ta tarad da hannun da ya san yadda zai yi da ita. Matar da ta saba gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da mazari ba ta buƙatar sabon kayan aiki kafin ta mai da wannan jan gashi ya zama zare. Saboda haka abin da ake sayarwa a Kurmi kayan aiki ne ɗanye, ribar sarrafa shi kuwa a gida take tsayawa: mai kaɗi ta samu, masaƙi ya samu, maɗinki ya samu, dillali ma ya samu nasa la'ada.

Ta hanyoyi sanannu alharini yake shiga tufafi. Akan jera shi da zaren auduga a saƙa barage. Akan yi shafi da shi a bakin babbar riga ta ciki, yadda idan mai rigar ya naɗe hannu ko ya hau doki jan zai bayyana. Akan kuma yi hamilar takobi da tuntaye da adon wando. Abin lura a nan shi ne, da wuya a ga rigar namiji wadda alharini ne zalla. Shari'a ta hana wa maza sa tufar siliki tsantsa, ta yi rangwame ga ɗan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, malaman Malikiyya kuma sun yi saɓani a kan yadin da aka gauraya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Muna ganin wannan hukunci, tare da tsadar zaren, shi ya tsara wa masaƙa iyakar da suka nuna gwanintarsu a ciki, musamman a daular da malamai suka kafa.

Abubuwan da suka faru a gonakin tut na Turai ba su bar wannan ciniki yadda yake ba. A shekarun 1850 wata annoba ta faɗa wa tsutsar siliki a Faransa da Italiya, har gwamnatin Faransa ta sa Louis Pasteur ya fara bincike a kanta a 1865. A daidai wannan lokaci masu masana'antu irin su Samuel Lister na Biradifod a Ingila suka ƙera injunan tsefe tarkacen siliki da kaɗa shi, watau abin da dā ake yasarwa ya sami masu so a gida. Daɗin daɗawa, an gano rinin kimiyya a 1856, jan garura irin na alharini kuma ya shiga kasuwa wajen 1859. Masaƙin Rano bai taɓa ganin itacen tut ba, amma lafiyar tsutsar da ke cin ganyensa tana da alaƙa da kuɗin zaren da ke cikin ƙoshiyarsa.

5.0 TSAMIYA: SILIKIN GIDA

A Hausa kalma ɗaya ce ke nufin itacen tsamiya, da zaren siliki na gida, da kuma yadin da aka saƙa da shi. Masu sana'ar sukan bambanta zaren da sunan itacen da aka samo shi, su ce tsamiyar tsamiya ko tsamiyar doka. Yarbawa suna kiran irin wannan zare sanyan, yana kuma cikin tufafinsu mafiya daraja.

Tsutsotsin da ke yin wannan siliki na daji ne, ba a kiwonsu. Mafi shahara su ne na zuriyar da masana ke kira Anaphe, wadda aka raɗa wa ɗaya daga cikinta, mai cin ganyen doka, sunan Alfred Moloney, Gwamnan Ikko na ƙarshen ƙarni na 19. Ɗabi'arsu ta saɓa da ta tsutsar tut. Sukan yi kiwo a garke da damina, idan sun ƙosa kuma sai su taru su saƙa babban gida guda a jikin reshe ko kututture, kowace ta yi nata ɗan ɗaki a ciki. Gida ɗaya yakan ƙunshi ɗaruruwan tsutsotsi. Da yake zaruruwan sun sarƙe da juna, babu halin a warware su. Dole sai an kaɗa.

Aikin yana da wuya. Mafarauta da makiyaya da masu shiga daji su ke ɓamɓaro gidajen su kawo kasuwa. Gashin tsutsar yana sa ƙaiƙayi, don haka sai an yi hattara wajen buɗe gidan da kakkaɓe shi. Daga nan a dafa shi a ruwan toka na tsawon sa'o'i har ƙaron da ya manne zaren ya narke, a wanke, a shanya, a tsefe da hannu, sa'an nan a ɗora a mazari. Ruwan tokar nan kuwa shi ne dai wanda marina da masu sabulun salo suka sani. Zaren da ke fita yana da ƙarfi ƙwarai, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, kuma galibi a haka ake barinsa. Darajar wannan launi ta kai har akan rina auduga ta yi kama da shi, a sayar wa wanda ƙarfinsa bai kai ba.

Akan saƙa tsamiya da auduga a yi riga ko zane, amma inda ta fi fito da kanta shi ne wajen aikin allura. Aska biyu da aska takwas da tambari da sauran adon da ke gaban babbar riga da zaren tsamiya ake yin na ƙwarai, aikin kuma yakan ɗauki watanni. Da yawa daga masu wannan ɗinki malamai ne da almajirai, waɗanda suka riƙe allura a matsayin abin dogaro da kai. Irin waɗannan riguna su ne sarakuna ke bayarwa idan an yi naɗi, su ne kuma ke cikin gaisuwar da ake kaiwa Sakkwato.

A nan ne zaruruwan biyu suka haɗu. Alharini da tsamiya duka gashi ne da ke buƙatar kaɗi, duka kuma ta hannun mata suke bi kafin su kai ga masaƙa. Riga guda tana iya ɗaukar audugar gonar Kibiya, da baban karofin Rano, da adon tsamiya daga dajin doka, da shafin alharini wanda ya ƙetaro teku da hamada. Matar da ta kaɗa zaren ba a cika ambatonta a littattafan matafiya ba, amma ba don ita ba babu ko ɗaya daga cikin alkalumman da muka kawo.

6.0 YADDA SANA'AR TA JA DA BAYA

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a cikin shekarar kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Waɗannan abubuwa biyu su suka karya ƙashin bayan fataucin Sahara, domin kayan da dā sai sun yi watanni a bayan raƙumi sun koma zuwa ta Ikko cikin sauƙi. Daga 1912 gyaɗa ta ja hankalin manoma da 'yan kasuwar Kano. Bayan haka zaren kanti mai ƙyalli, wanda aka yi da sinadari, ya shigo a kaɗe kuma a rine, cikin launuka barkatai. Sunan alharini ya saura a bakin mutane, amma zaren da ake kira da shi ya canza, aikin mai kaɗi kuma ya fita daga lissafi.

Tsamiya ta fi daɗewa, tun da tushenta na gida ne. Turawan mulki ma sun sa mata ido. A farkon ƙarni na 20 an riƙa aika samfurinta Landan ana gwadawa, a 1942 kuma masanin ƙwari F. D. Golding ya yi rubutu a kan tsutsotsin siliki na dajin Nijeriya. Duk da haka ba ta zama hajar fitarwa ta a-zo-a-gani ba, domin abin da ake tsinta a daji ba ya da tabbataccen adadi.

Abubuwan da suka raunana ta daga baya a fili suke. Masaƙun zamani, tun daga na Kaduna da ya fara aiki a 1957, da keken ɗinki mai yin ado, sun rage masu neman aikin hannu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, alhali rani shi ne lokacin da manomi ke komawa masaƙa da karofi. Faɗaɗa gonaki da saran itace don girki da gawayi sun tura dajin doka nesa, feshin maganin ƙwari kuma bai san tsutsa mai amfani da marar amfani ba. A cikin gida kuwa, 'yan mata sun daina gadon mazari daga iyayensu. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsanani, domin itace ana iya sake shuka shi, amma ilmin da ke hannu idan mai shi ya ƙaura ya tafi ke nan.

7.0 KAMMALAWA

A 'yan shekarun nan an gwada noman tut da kiwon tsutsarsa a Nijeriya, musamman a kudu maso yamma, inda Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan ta yi aiki a kai. Ba abin mamaki ba ne idan wani ya dubi ruwan Tiga ya ce a kawo shi kudancin Kano. Itacen zai iya yi a inda ake ban-ruwa, kamar yadda yake yi a kudancin Indiya, ƙasar da ke bin Sin wajen yawan siliki a duniya. Amma tarihi yana da gargaɗi. A 1609 Sarkin Ingila James na ɗaya ya sa aka shuka dubban itatuwan tut, galibi baƙi, siliki kuwa bai samu ba. A Amurka an yi rububin sayen dashen tut a shekarun 1830, kasuwar ta rushe a 1839, mutane da yawa suka yi hasara. Tsutsar tut tana son ɗanyen ganye kullum, da ɗaki mai tsabta, da yanayi mai laima wanda ba zafi ba sanyi. Hunturu da bazarar ƙasar Kano ba su yi mata daɗi. Bayan haka kuma sai an sami injin warware zare da mai saye.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Da farko, idan za a shuka tut a lambunan Rano da Kibiya, a fara da shi a matsayin itacen marmari da abincin dabbobi, tun da awaki da tumaki suna son ganyensa, 'ya'yansa kuma ana iya shanyawa. Na biyu, masana aikin gona su dubi tsutsar da Indiyawa ke kira eri, wadda ke cin ganyen zurma da na rogo, wadda kuma zarenta kaɗa shi ake yi, watau ya dace da abin da matanmu suka gada. Na uku, a kare tsamiya da doka da suka rage, a kuma yi koyi da aikin da cibiyar binciken ƙwari ta Nairobi ta yi da manoman gefen dajin Kakamega a Kenya, inda aka gwada renon tsutsar daji a kan itacenta maimakon a tsinta kawai.

Shawara ta huɗu ta shafe mu kai tsaye, mu malaman jami'o'i da kwalejojin ilmi. Kowace shekara ɗalibanmu na Hausa da na Tarihi suna neman batun da za su rubuta kundi a kai. A tura 'yan asalin Rano da Kibiya da Bunkure su zauna da tsofaffin masaƙa da marina da maɗinka, 'yan mata kuma su shiga wurin iyaye mata da suka yi kaɗi, su rubuto sunayen zare da na saƙa da na kayan aiki, da yadda ake dafa tsamiya, da kasuwannin da ake sayenta, da waɗanda ke kawo ta. Tsofaffin riguna da mazarai da aka samu a kai Gidan Makama a adana, tare da sunan garin da suka fito. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, waɗanda ke riƙe da wannan zuma kuwa shekaru sun ja, aikin bai kamata ya jira wani taro ba.